Ɗan Riƙon Kaisar

A tashar bas ta Takoma Park, can ƙasar waje, wani dattijo ya ji wata budurwa ta gama waya da Hausa, ga littafi a cinyarta.

"'Yata, wannan mutumin na bangon littafin wane ne?"

"Agustas ne, Baba, babban sarkin Rum. A kansa za mu yi jarrabawa. Yana saurayi, Kaisar, shugaban Rum kuma ɗan'uwan kakarsa, ya bar wasiyya cewa ya zama ɗansa. Ya ɗauki sunan Kaisar, sojoji suka bi sunan, har ya hau mulki."

"To uban da ya haife shi fa?"

"Ya rasu tun yana ƙarami."

"Shi ne ya yar da sunansa? Wannan ai butulci ne. Riƙo daban, haihuwa daban."

"Baba, ba don sunan ba, wa zai san shi?"

"Haka ƙanena ya ce da zai kawo ɗana Nasir ƙasar nan, wai a takarda kawai zai zama ɗansa. Jiya na sa babbar riga na je bikin gama karatunsa, aka kira shi likita da sunan ƙanena. Wancan dai ubansa ya mutu. Ni ina zaune, har tafi na yi."