Shuɗin da ke Fuskar Jika

A shagon intanet a Sinja, wani dattijo ya ƙura wa allon kwamfuta ido, wata mata na jiran ya tashi.

"Innalillahi! Ɗiyata, dubi jikata da aka haifa a Jidda. Rabin fuskarta shuɗi! Ciwo suka ɓoye mini."

"Baba, rediyon wa ke jingine da allon?"

"Nawa."

"Ɗauke shi. Maganaɗisun cikinsa ke jan kala."

Ya ɗauke.

"Mashallah, ta washe! Ke likita ce?"

"Tela ce. Talabijin ɗinmu ya taɓa haka."

"Wallahi kin fi likita. Saura kaɗan in sayar da saniyata in hau jirgi. Duba, hancin nan nawa ne ko?"

"Naka ne, Baba. Wannan kam ba shi da gyara."