Takalmi a Cinya

A ɗakin jiran likita, wata dattijuwa ta dawo daga bayi ta tarar wani mai kwat ya gaje wurinta.

"Malam, tashi! Tun safe nake ɗumama bencin nan."

"Iya, ai babu sunanki a jiki."

Sai ruwa ya kece. Mutumin ya yi wuf ya tuɓe takalmi ya ɗora a cinya.

"Kai! A bakin kwata ka girma?"

"Ya aka yi kika sani?"

"Mu ma da an fara ruwa, uwarmu kan tebur take jera mu, mu da tukwane."

Ya yi dariya. "Mu kan akwati. Ni ne mai riƙon kaza."

"Allah sarki, ɗana. To tashi, ka saba wahala. Kawo takalmin in riƙe maka."