Manhajar da Za Ta Karanta wa Baba Saƙo

Ina jijjiga goyona a shagon gyaran kwamfuta, sai na ji wani saurayi yana ba wani dattijo labarin sabuwar babbar manhajar da za ta fito.

"Sunanta lamba ce kawai, Baba."

"Lamba? Sai ka ce motar haya! Nawa?"

"Kyauta ga mai tsohuwar. Tunda idonka ya yi rauni, har saƙo za ta riƙa karanta maka."

"Da muryar wa?"

"Muryar na'ura mana."

Dattijon ya girgiza kai.

"A bar mini tsohuwata, yaro. 'Yata tana nesa, kuma don ba na ganin rubutu take kirana. Ranar da ta ji ana karanta mini, sai dai ta rubuto."