Sun Ce Rawa Nake Koya wa Yara

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki, ina gaida masu saurare.

Ni malama ce a lakwal ɗin wani ƙauye cikin yankin Mayahi, ƙananan yara nake riƙe da su. Na daɗe ina fama da kalmomin siffanta abu na Faransanci, suna haddacewa ba su san ma'ana ba. Sai na fara fitar da su gindin gawo. In na ce "lourd", wato mai nauyi, su yi tafiyar jakin da aka labta wa gero. In na ce "léger", wato marar nauyi, su yi tsallen ɗan akuya. Sannan kowa ya zana abu a ƙasa da tsinke, ya faɗi kamanninsa. Wallahi har Rabi, yarinyar da ban taɓa jin muryarta ba, ta zana raƙumi ta ce dogo ne, kuma ya gaji.

Ran kasuwa wani uba ya gan mu. Washegari darakta ya ce mini, "Madam, iyaye sun ce rawa kike koyarwa. In ba ki bari ba, za su janye 'yan matansu." Na je har gidan dattijon da ya gan mu na yi masa bayani, ya ce, "Ɗiyata, mu a zaune muka san karatu."

Dole na bari. Yanzu ina faɗa suna maimaitawa, Rabi ta koma shiru, ni kuma raina ba daɗi. In na ci gaba a kwashe yaran, in na daina ba su ganewa. Don Allah malamai da iyaye, ku faɗa mini yadda zan yi.