Na'urar Ta Cire Maɓallin Ƙorafi

A tashar Konni, wata budurwa ta rufe kwamfutarta da ƙarfi. Dattijon da ke gefenta ya waiwayo.

"Ɗiyata, lafiya?"

"Ina lafiya, Baba! Manhajar tikiti nike haɗa ma ofishinmu, gobe maigidana zai duba ta. Na'ura mai basira ke rubuta min ita. Na ce mata ba ni son in sake ganin ƙorafin fasinjoji, sai tac cire maɓallin ƙorafin gaba ɗaya!"

"To, kin sake gani?"

"Gyara nike nufi!"

"Ba ki ce gyara ba. Ni dai ina bayanta. Hajiyata tac ce kada ta sake ganina da sigari, kuma wallahi har yau ba ta gani ba."

"Ka bari ke nan?"

"A tasha nike sha."

"To, Baba, tunda halinku guda, mi zan rubuta mata?"

"Gaya mata abin da za ta gyara, da abin da ba za ta taɓa ba, da yadda za ki gwada aikin. Da Hajiya ta ce za ta shinshina rigata, da tuni na tuba."

"Ba ni lambar Hajiya."

"Ba ta da waya, ɗiyata. Yi aikinki."