Hulunan Bara

Ku matso, ku da kullum bakinku Amurka, Amurka. Ni gonar albasar Inna ce ta kai ni. Jingina ta ba da ita, bisa alkawarin zan fanso ta kafin shekara biyu su cika.

A wata unguwa da ake kira Buronkis na sauka, wurin Alhaji Idi, ɗan garinmu. Katifa ya ba ni haya, ba ɗaki ba. Idan na tashi wani ya kwanta, ko sanyi ba ta yi. Na yi ta tallan lema da tabarau, har na haɗa abin fansar gonar, saura kaɗan.

Sai ga Alhaji da murmushi. "Ɗana, bol gem ya matso."

Wasan ƙarshen shekara ne na ɗaliban jami'a, a babban filin da ke kusa da mu. Wai futbol! Ƙwallo kamar gwanda, ƙato ya rungume ta yana gudu, ƙattai su danne shi. Ina ƙafar take a nan?

"Ina da hulunan ƙungiyoyin, kore da ja," in ji shi. "Bara wawa aka yi a kansu. Kai zan ba, don mahaifiyarka."

Har addu'a na yi masa, wallahi. Na juye masa duk abin da na tara.

Ranar wasa sanyi kamar zai cire kunne. Na kafa tebur, jama'a suka fara ɓullowa daga jirgin ƙasa, kowa da launin ƙungiyarsa. Shuɗi. Rawaya. Shuɗi kuma. Babu kore, babu ja! Ashe kowace shekara wasu jami'o'i dabam ake gayyata. Wa ya gaya mini? Ni na ɗauka kamar na garinmu ne, 'yan bara su ne 'yan bana. Wasu samari suka tsaya suna ɗaukata hoto suna ƙyaƙyatawa. Ɗaya ya fizgi hula ya share takalmi da ita.

Can tsallaken titi na hango Alhaji, teburinsa shuɗi da rawaya, ana layi. Na tsallaka na same shi.

"Baba Alhaji, ka san suna canzawa?"

"Har yaran goye sun sani."

"Gonar Inna ce fa!"

Ko ɗago kai bai yi ba. "Ni na aike ka ka zo? Ka ajiye su, baɗi wani baƙon zai sauka. Matsa, kana tare mini masu saye."

Na tsani mutumin nan, har gobe. Amma ban iya yi wa wani abin da ya yi mini ba. Wa'adi ya cika, gona ta tafi, ni kuma na tattaro kwalayena na dawo.

Inna ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta buɗe kwali, ta ɗauki koriya guda, ta gwada a kanta.

"Tana da ɗumi," ta ce. "Za ta yi mini amfani. Da asuba mai gonar yake so mu fito dashe."