Saƙon da Na Haɗiye

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Fasto, iyayena, 'yan'uwana, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku.

Sunana Rifkatu. Waɗanda suka san ni sun san ba na iya zama wuri ɗaya, don haka ku yi haƙuri idan kuka ga ina kai da kawowa a gaban nan. Da safen nan na taso daga Lyon, kuma har jirgi ya shigo Paris ban ɗumama kujerata ba. Akwai saƙo a jakar nan da aka ba ni kusan shekara guda ke nan. Yau nake so in sauke shi.

Ina aiki a gidan kula da tsofaffi kusa da Rillieux-la-Pape. Ɗaga wannan, juya wancan, wanka, canza zanin gado. Shekarun baya bayana ya riƙe, likita ya rubuta mini tramol. Bayan ya warke, ni ce ban warke ba. Daga ƙwaya ɗaya na koma biyu, daga biyu na daina faɗa wa kaina gaskiyar adadin. Da likita ya ƙi ƙara rubutawa na canza likita, da wannan ma ya ƙi, na samo mai sayarwa a bayan benenmu.

Ni da nake jagorar waƙa a nan duk lokacin da na zo! Ina ɗaga hannu ina yabo, ƙwaya tana cikin aljihuna. Idan ban sha ba ƙafafuna ba su barina. Sai in hau bas in je ƙarshen layi, in dawo, in sake komawa, ba don ina da wurin zuwa ba.

Bara da aka yi sanarwa cewa makarantar mishan ta wani ƙauye a kudancin Maraɗi tana neman mai taimako na wata biyu kafin Kirsimeti, ni na fara ɗaga hannu. Kuka tafa mini. Ba ƙaunar aikin Allah ba ce ta ɗaga hannun, 'yan'uwa, gudu ne. Na ce a ƙauye babu kantin magani, babu mutumin bayan bene, dole in bari.

Kun san halinmu. Mutum bai isa ya ce zai je gida ba, sai kowa ya tuna yana da uwa. A ɗakin nan na La Courneuve kuka cika mini akwati biyu: littattafai, alli, rigunan sanyi, bitamin na yara masu zaƙi. Ana cikin ɗaure kaya sai ga Yaya Ishaya daga Bobigny, ga shi can zaune a layi na uku. Mahaifiyarsa, Iya Saratu, ita ce mai dafa wa yaran makarantar abinci. Ya miƙo mini leda ya ce, "Ƙanwata, gwiwoyin Iya sun hana ta sakat. Ke ma'aikaciyar lafiya ce, a hannunki hankalina ya kwanta."

Na leƙa ledar. Kwali biyu ne na abin da nake gudu.

Da na ce a'a a ranar! Amma wa ke mayar da saƙon uwa? Na ce, "Babu komai, Yaya, zai isa."

Makarantar ajujuwa huɗu ce da ɗakin kwanan yara da rumfar girki. Gari na wayewa shugaban makarantar, Mushe Bulus kamar yadda ake kiransa da Faransancin can, zai buga wani tsohon ƙarfen taya da ke rataye a bishiya. Yara su yi layin famfo, a share fili, a sha koko, a shiga aji. Ni an ba ni Faransancin 'yan aji biyu, da wankin gyambo, da ɗinkin kayan wasan haihuwar Yesu. Fukafukan mala'iku da buhun shinkafa muke yinsu. Yarinyar da aka zaɓa ta zama Maryamu kullum sai ta yi dambe da mai zama Yusufu, tunkiyar da aka aro kuma ta cinye rabin ciyawar komin da za a kwantar da jaririn. Kowa yana dariya, ni ina kallon ƙofar ɗakina.

Kwana uku na daure. A na huɗu na buɗe kwalin Iya na ce guda ɗaya kawai.

Da Iya ta tambayi saƙon ɗanta, sai na gyara murya irin ta ma'aikatan asibiti. Na ce, "Iya, maganin Turai yana da ƙa'ida, ba a barinsa hannun mutum. Ni zan riƙa kawo miki kullum da safe." Kowace safiya sai in naɗe bitamin ɗin yara guda ɗaya a takarda in kai mata rumfa. Ta karɓa da hannu biyu ta ce, "Allah shi yi miki albarka, 'yata." Sannan ta dafa bango ta miƙe, ta ja ƙafa zuwa murhu.

Kun ji abin da na yi? Tsohuwa tana tsaye kan tukunyar yara fiye da ɗari da gwiwoyi a kumbure, ni ina shanye sauƙinta, tana sa mini albarka!

Sauran mako guda Kirsimeti kwalayen suka ƙare. Wayyo, 'yan'uwa! Zufa cikin sanyi, hamma, hawaye ba dalili, ciki yana murɗawa. A aji ba na iya tsayawa gaban allo, sai zagaye. Zare ya ƙi shiga allura. Na daka wa wata yarinya tsawa saboda fiffikenta ya karkace, har ta yi kuka. Mushe Bulus ya ce, "Madan Rifkatu, zazzaɓin sauro ne, jikinki ya saba da Faransa." Na ce e, shi ne.

Ranar da ake suyar cincin na biki, Iya ta ɗauko tukunyar ruwan zafi, gwiwa ta ƙi ta. Ta durƙushe, ruwan ya zube mata a hannu. Ni aka kira da gudu, tunda ni ce mai magani. Ina ɗaure mata hannu, nawa hannun yana rawa har bandejin yana faɗuwa. Ba ta kalli ƙunar ba, hannuna take kallo.

A makarantar akwai al'ada. Ranar da za a rufe don Kirsimeti, kafin a buga ƙarfe, ma'aikata sukan tsaya da'ira a rumfar girki, kowa ya riƙe hannun na damansa ya yi masa addu'a da ƙarfi, da sunansa. Na yi dabara in tsaya kusa da wata malama da ba ta san ni sosai ba. Sai ga Iya ta jawo ƙafa, ta ture malamar da kafaɗa ta ce, "Matsa, 'yar nan, wannan tawa ce."

Ta kama hannuna da hannunta mai ƙuna. Na so in zare, ta matse.

Ta ce, "Uba, ga Rifkatu. Ka san abin da ke cin ta, ni ma na sani. Na taɓa riƙe hannu mai irin wannan rawa, ban san abin yi ba har ya yi sanyi. Wannan kam ba zan saki ba sai ka sake ta. Cikin sunan Yesu."

Ba ta faɗi ƙwaya ba, ba ta faɗi sata ba. Ni ce na faɗa. Ƙafafun nan da suka ƙi tsayawa shekara da shekaru suka lanƙwashe, na zube a gaban murhu ina kuka, na faɗi komai a gaban Mushe Bulus da malamai. Na ce, "Yesu, na gaji da gudu, ka kama ni!" Babu wanda ya saki hannun wani har na gama.

Daga baya Iya ta kai ni ɗakinta. Ta jawo wani gwangwanin madara daga ƙarƙashin gado ta buɗe. Duk bitamin ɗin da na ba ta suna ciki, kowanne a takardarsa.

Na ce, "Iya, tun yaushe kika sani?"

Ta ce, "Tun ranar farko. Ishaya ya ce mini a waya maganin ɗaci gare shi, na lasa na ji alewa. Tsufa na yi, ba harshena ne ya mutu ba."

"To me ya sa kika yi ta sa mini albarka?"

"Ai ke kika fi ni bukatarta. Ƙanen Ishaya, Dauda, abin nan ne ya ɗauke shi. Shi zagi na yi ta yi masa."

Kwana biyar na yi a ɗakin nan. Ba zan yi muku ƙarya in ce nan take ciwon ya tafi ba. Na yi amai, na yi birgima, na roƙe ta ta aika kasuwa a nemo mini ko rabi. Ta kira ma'aikacin lafiya na garin da ke kusa ya duba ni, ita kuma ta zauna tana danna mini ƙafafu da hannu ɗaya, tana ba ni kunu cokali-cokali. Ranar Nowel, kamar yadda su Iya ke kiran Kirsimeti, aka fito da ni kan tabarma in kalli wasan yaran. Mala'iku suka fito da buhunan shinkafarsu, Maryamu ta harari Yusufu, tunkiya ta gudu. Sai da aka tashi na lura tun farkon wasan har ƙarshensa ina zaune wuri ɗaya. Halleluya!

Da na dawo Lyon na je wurin likita na faɗa masa gaskiya duka, yana kula da ni har yanzu. Daga ranar rumfar nan zuwa yau ƙwaya ba ta shiga bakina ba. Ku ɗaukaka Ubangiji tare da ni!

Amma saura abu ɗaya. Ranar da zan taho, Iya ta ba ni saƙon ɗanta: daddawa, kuka, da gwangwanin nan. Ta ce, "Ni ba zan faɗa masa ba. Ke za ki kai, da bakinki." Yaya Ishaya, daddawa da kuka na ba ka tun a watan da na dawo, har ka yi mini godiya ka ce Iya ta ce na kula da ita. Gwangwanin na ɓoye. Kullum ina ganinsa a kan firjina, kullum sai in ce wata mai zuwa. Yanzu ga wata Kirsimetin ta zo, na ji ana sake haɗa akwati.

Yaya, ga shi. Maganin mahaifiyarka ni na shanye. Ta yi wata biyu tana jan ƙafa, ta ƙone a hannu, saboda ni. Ka gafarta mini.

Kuma ta ce in faɗa maka wannan, yadda ta faɗa: "Ki ce wa Ishaya, Dauda ya kuɓuce mini. Wannan ba ta kuɓuce ba."

Na gode wa Allah da bai bar ni in ci gaba da gudu ba. Idan akwai wani a ɗakin nan da ke waƙa da baki, aljihunsa yana ɓoye abin da ke cin sa, kada ka jira sai an cika akwati. Ka miƙa hannun ko yana rawa, Yesu yana da mai riƙe shi. Yabo da ɗaukaka su tabbata ga sunansa har abada. Amin.